Tuwon Shinkafa a Bahiya, da Hanyar da Ta Biyo ta Zariya

Duk wanda ya nemi shawarar masu yawon duniya game da birnin Salvador, hedikwatar jihar Bahiya a arewa maso gabashin Birazil, abu guda za su faɗa masa: kada ya yi gaggawa. Birni ne mai mutum kusan miliyan 2 da rabi, amma abin da baƙo ke zuwa gani yana cikin tsohon gari, kuma da ƙafa ake ganin sa. Sukan ce a ba shi mako guda. Ka fito da hantsi, ka sha gahawa, ka bi titunan dutse na unguwar Pelourinho tsakanin benaye masu launi-launi, ka zauna a dandali ka saurari masu ganguna, da la'asar sakaliya ka gangara bakin teku ka kalli rana tana nutsewa a ruwa. In yunwa ta taso, ga mata cikin fararen kaya a bakin hanya suna suyar abin da suke kira acarajé, wanda ba wani abu ba ne illa ƙosai da aka soya da manja, aka tsaga shi aka cusa masa jatan lande da yaji.

A cikin wannan mako, in baƙon Bahaushe ne, akwai ranar da zai buɗe takardar abinci a wani gidan cin abinci na gargajiya ya ga sunan ƙabilarsa. Arroz de hauçá, wato shinkafar Hausawa. Yau masu dafa ta sukan zuba madarar kwakwa, su ɗora soyayyen busasshen nama da albasa a kai. Amma Manuel Querino, wani baƙar fata ɗan Bahiya da ya rubuta littafi kan girkin garinsu, wanda aka buga a 1928 bayan rasuwarsa, ya bayyana yadda tsofaffi ke yin ta: a dafa shinkafa cikin ruwa ba gishiri, a tuƙa ta da cokalin itace har ta narke ta haɗe wuri guda, sannan a barbaɗa garin shinkafa don ta yi ƙarfi. Kowace uwar gida a Kwarbai ko Kaura ta san sunan wannan abinci. Tuwon shinkafa ne.

Mutanenmu kan ji irin wannan labari su yi murna, a yaɗa a Facebook cewa har a Birazil an san Bahaushe. Murnar ba laifi ba ce. Sai dai tuwo ba ya ƙetare teku da kansa. Wani ne ya kai shi a cikin kansa, bayan an raba shi da kome nasa, kuma kafin ya ga teku sai da ya ratsa wasu kasuwanni da wasu ƙofofin gari waɗanda har gobe muna bi ta cikinsu muna zuwa ɗaurin aure.

Salvador gari biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Turawan Fotugal sun kafa shi a 1549 a kan wani tudu mai tsayi da ke kallon mashigin teku, ya kuma kasance babban birnin Birazil har 1763 da aka mayar da mulki Rio de Janeiro. A sama fadar gwamna take, da coci-coci, da gidajen masu hali. A ƙasa tashar jiragen ruwa take, da rumbunan sukari da taba. Yau baƙo yakan shiga lif ɗin Lacerda, wanda aka fara buɗewa a 1873, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya hau mita 72. Kafin lif, wuyan mutum ne lif. Ganga, buhu, akwati, har da su kansu masu gidan a zaune cikin kujera mai labule, duk a kafaɗar bayi ake hawa da su ta waɗannan hanyoyi masu tsananin gangara.

Yadda aka tsara wannan dako shi ne abin da zai fi ba Bahaushe mamaki, don ya san irinsa. Bawa a Salvador ba lallai ya wuni a gaban ubangijinsa ba. Da yawa sakin su ake yi su shiga gari neman aiki, a ƙarshen mako su kawo wani adadi da aka yanka masu, abin da ya yi saura nasu ne. Wanda ya iya tari yakan fanshi kansa. A ƙasar Hausa sunan wannan tsari murgu. 'Yan dakon sukan taru a mahaɗar tituna da bakin tasha, ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙabila da matattararta da shugabanta. Ana kiran irin wannan matattara canto. A nan mutum ke jiran aiki, yana saƙar hular kaba ko tabarma, yana magana da harshensa, babu Bature a kusa. A nan ake jin wane ne ya sauka daga sabon jirgi, daga wane gari, wane sarki ya faɗi. A nan kuma aka ƙulla yawancin abin da ya hana gwamnonin Bahiya barci shekara talatin.

A watan Mayu na 1807 gwamnan lokacin, wanda ke da sarautar Conde da Ponte, ya sami labarin cewa Hausawa na shirin tashi ranar wani bikin Kirista, 28 ga wata. Sun naɗa shugaba a kowace unguwa, suna da manzo mai kai saƙo ga 'yan uwansu da ke gonakin rake a bayan gari. Da aka fasa gidan da suke taruwa, an sami bakuna da kibau da wuƙaƙe da 'yan bindigogi da ganga, da kuma layu. Bisa rahoton hukuma, niyyarsu ita ce su ƙwace jiragen da ke tasha su koma gida. An kashe mutum biyu da aka ce su ne jagorori, aka yi wa sauran bulala a bainar jama'a. Sunan unguwar da 'yan yawon buɗe ido suka fi so, Pelourinho, ma'anarsa ke nan: turken da ake ɗaure mutum a yi masa bulala.

Ba su daina ba. A farkon 1809 ɗaruruwan bayi da suka gudu, akasarinsu Hausawa, suka kai hari garin Nazaré. A ranar 28 ga Fabrairu 1814 fiye da mutum 200 suka auka wa sansanonin masunta a Itapuã, suka ƙone su, suka nufi yankin gonakin rake kafin sojan doki su tare su. Itapuã yau bakin ruwa ne na shaƙatawa kusa da filin jirgin sama, mai itatuwan kwakwa da hasumiyar fitila, inda ake shawartar baƙo ya tafi a rana ta huɗu ko ta biyar in ƙafarsa ta gaji da dutsen tsohon gari. A takardun shari'ar 1814 an ambaci wani jagora da suna João Malomi. João sunan da aka laƙaba masa ne bayan an yi masa baftisma. Malomi kuwa ba ya buƙatar fassara ga mai karanta wannan.

Ina waɗannan mutane suka fito, kuma me ya sa suka yawaita a daidai waɗannan shekaru? Gwamnan da kansa ya lura: ya rubuta cewa a 1806 kaɗai bayi sama da 8,000 aka sauke daga gaɓar da Turawan Fotugal ke kira Mina, cikinsu har da Hausawa, ya kuma siffanta su da cewa ƙabilu ne mayaƙa. Abin da bai sani ba shi ne yaƙin da suka fito daga cikinsa. An yi Tabkin Kwatto a tsakiyar 1804, Tsuntsuwa a ƙarshenta, Alwasa a 1805, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Kowane karo yana barin kamammu. A Tsuntsuwa jama'ar Shehu ce ta sha kashi, a wasu wuraren kuwa sarakunan Haɓe ne. Saboda haka jirgi guda yana iya ɗauko almajirin da ya yi hijira zuwa Gudu da barden Yunfa da ya kore shi, an ɗaure su da sarƙa ɗaya. A Bahiya duk sunansu Hausa, har da Bagwari da Banufe da Babarbare da suka iya harshen a kasuwa. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya ƙiyasta cewa tsakanin mutum dubu 100 zuwa dubu 150 ne aka ƙetarar da su teku daga wannan yanki namu, daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, kusan dukkansu maza, kuma Bahiya ce ta karɓi kaso mafi tsoka.

A nan ne ya kamata Bazazzage ya ajiye cokali ya tuna garinsu.

Birnin Zariya ma gari ne da ake gani da ƙafa, ko da yake mu mazaunansa mun fi ganin sa ta gilashin mota. Ka shiga ta Ƙofar Doka daga Tudun Wada, ka bi ta Babban Dodo zuwa fada, ka ratsa lungunan da ke bayan kasuwa inda maɗinka ke zaune a zaure suna aikin babbar riga, ka ɓulla wajen Limancin Kona inda ake ta karatun littattafai tun kafin jihadi. Abin da ya rage na ganuwa yana nan, wani wuri tsibin ƙasa, wani wuri an yanka an yi bulo da shi. Yaro ɗan firamare zai faɗa maka sunan Sarauniya Amina da Bakwa Turunku. Akwai kuma wani abu da aka koya mana a aji ɗaya da waɗannan, muka haddace don jarrabawa ba tare da mun tsaya a kansa ba. A rabon ayyukan Hausa Bakwai, an ce Kano da Rano su ne sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau kuwa sarkin bayi. Labarin Bayajida ba tarihi ba ne da za a kafa hujja da shi, amma waɗanda suka tsara shi sun san sana'ar kowane gari. Zazzau ita ce ƙofar kudu, kuma kudu ake zuwa kamu.

Jihadi bai canza wannan ba, ya dai canza masu riƙe da shi. A ƙarshen 1808 Malam Musa ya ci Zariya, Sarki Makau ya fice kudu zuwa Zuba, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja, wanda yau muke kira Suleja. Tun daga nan aka shiga gaba tsakanin Zazzau biyu, kowace tana kama mutanen ɗaya. Ƙananan masarautun da suka tsiro a kudu, Keffi da Nasarawa da Jama'a, suna kawo wa Zariya gaisuwar shekara, kuma bayi na cikin gaisuwar. Ita ma Zariya tana aika nata kason Sakkwato. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau ya fitar da littafinsa kan tsarin mulkinta a 1960, ya nuna yadda dukiyar gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ta dogara a kan rinji, wato ƙauyen bayi masu noma. Matarsa Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, tsohuwar da ta girma a ƙauyukan iyakar Kano da Zazzau kafin zuwan Turawa, kuma wanda ya karanta shi ya san cewa a ƙauye fargabar mahara abu ne na kullum, kuma maharan ba daga wata uwa duniya suke ba.

Adalci ya wajaba a nan. Mafi yawan waɗanda Zazzau ta kama ba su taɓa ganin teku ba. Sun ƙare a rinji, ko a gidajen birni, ko an kora su arewa. Mata da yara a gida ake riƙe su, don sun fi daraja a nan. Wanda ake turawa kudu shi ne ƙaton namiji da aka kama da makami a hannu, wanda ake tsoron in an bar shi kusa zai gudu ko ya yi ɓarna. Sannan shugabannin Sakkwato ba su ji daɗin wannan ciniki ba. A cikin Infaƙul Maisuri, Muhammadu Bello ya ambaci cewa Yarbawa na sayen bayi daga ƙasarmu suna sayar wa Nasara a bakin teku, ya kuma gargaɗi mutane kada su sayar masu da Musulmi. Sai dai gargaɗin kansa shaida ne cewa ana yi. Kuma iyakarsa Musulmi. Bagwari ko Bakaje da aka kamo daga tsaunin kudu bai shiga lissafin ba. A ganina wannan shi ne wurin da zancenmu kan Hausawan Bahiya ke yin rauni: muna son mu gaji jarumtakarsu, ba ma son mu gaji tambayar wa ya karɓi kuɗinsu na farko.

Hanyar da suka bi sananniya ce, domin wani baƙo ya bi ta a juye, ya kuma rubuta. Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdullahi, ya sauka Badagiri a Disamba 1825. Ya ratsa ƙasar Yarbawa zuwa tsohon birnin Oyo, ya bi ta Borgu, ya ƙetare Kwara a yankin Busa, ya shiga ƙasar Nufe, ya biyo ta Birnin Gwari, ya iso Zariya a watan Yuli 1826, zamanin Sarki Yamusa. Wata bakwai ke nan. Ka karanta zangon-zangonsa daga ƙarshe zuwa farko, ka sami taswirar tafiyar bawa. A Oyo ya iske ana kuka da bayi Hausawa da suka yi tawaye suka koma Ilori. A kasuwannin Nufe ya iske fatake daga Kano da Borno da ƙasar Yarbawa suna musayar kanwa da tufafi da goro da mutane.

A Zariya ya yi 'yan kwanaki yana hutawa yana kallon gari, kamar dai yadda ake shawartar baƙon Salvador ya yi. Ya ga dogayen itatuwa a jere, ya ga gonaki da fadamu a cikin ganuwa, ya ga masallaci mai hasumiyar ƙasa, ya gamu da Fulanin da suka zo daga Futa Toro da Bundu can yamma. Ya ƙiyasta mutanen garin da dubu 40 zuwa 50, ya ce sun fi na Kano yawa. Don kwatanci, masanin tarihin Bahiya João José Reis ya ƙiyasta mutanen Salvador a 1835 da kimanin dubu 65. Ashe garuruwan biyu ba su yi nisa da juna a girma ba, kuma kowannensu a kan wuyan bayi yake tsaye. Tafintan Clapperton a wannan tafiya wani dattijo ne Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. An taɓa kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka sa shi a jirgin bayi na Turawan Fotugal, sojan ruwan Ingila suka tare jirgin. Da ba don haka ba, da wataƙila a wata matattarar 'yan dako ta Salvador zai tsufa. Sai ga shi yana tafe a lungunan Zariya yana yi wa Bature fassara.

Abin da ke jan wannan ciniki daga can ƙarshen hanya taba ce. Bahiya na noma taba, mai kyau a kai Lisbon, ta baya kuwa a shafe ta da ruwan rake a naɗe cikin fata a kawo gaɓar Afirka ta Yamma, inda sarakuna da 'yan kasuwa suka fi son ta a kan kowace iri. Pierre Verger, Bafaranshen da ya zauna a Salvador ya rubuta babban littafi kan wannan zirga-zirga a 1968, ya nuna cewa wannan taba ce ta ɗaure Bahiya da tashoshin Wida da Porto-Novo da Badagiri da Ikko, ta sa bayin Bahiya suka bambanta da na Rio, waɗanda yawancinsu daga Angola da Kwango suke.

Sai 1835, shekarar da kowa ya fi sani, wadda kuma aka fi yi wa ƙarin gishiri. Daga saman lif ɗin Lacerda, in ka fito, ginin majalisar gari na gabanka. A ƙarƙashinsa kurkuku yake a da. 'Yan taku kaɗan daga nan akwai gangaren Ladeira da Praça. A wani gida a wannan gangare, daren Asabar 24 ga Janairu wayewar Lahadi, cikin goman ƙarshe na Ramadan, 'yan sanda suka ƙwanƙwasa ƙofa bayan wata 'yantacciyar baiwa ta kai tsegumi. Mutum kusan 60 suka fito da takubba, sanye da fararen riguna, da layu a wuya. Suka fara nufar kurkukun don su fito da malaminsu, Pacífico Licutan, tsoho wanda aka tsare ba don laifinsa ba sai don bashin da ake bin ubangijinsa, tun da shi kadara ne. Ba su iya fasa ƙofar ba. Suka bazu cikin gari suna tada 'yan uwa har suka kai kimanin 600, aka yi ta ɗauki-ba-daɗi na 'yan sa'o'i, kafin asuba sojan doki suka murƙushe su a Água de Meninos, a hanyar fita gari. Fiye da 70 suka mutu. An harbe huɗu a watan Mayu a filin Campo da Pólvora, inda yau tashar jirgin ƙasa ta cikin gari take. Licutan, wanda ya faɗa wa alƙali cewa sunansa Bilal, an yanke masa bulala 1,000.

Sau da yawa za ka ga an rubuta cewa wannan jihadin Hausawa ne a Birazil. Takardun shari'ar, waɗanda Reis ya tsefe su ɗaya bayan ɗaya, ba su nuna haka ba. Yawancin waɗanda suka fito Yarbawa ne Musulmi, waɗanda yaƙe-yaƙen rushewar Oyo suka zubo Bahiya a shekarun 1820 da 1830. Kalmar malê da ake kiran tawayen da ita daga imale ta Yarbanci take. Hausawa sun riga sun yi nasu, sun sha kashi tun shekara ashirin baya, waɗanda suka tsira sun manyanta, wasu sun fanshi kansu sun kama sana'a. Amma suna cikin labarin ta fuska biyu. Akwai Dandará, 'yantaccen Bahaushe mai shagon taba a ƙasan gari, wanda aka shaida cewa malami ne tun a ƙasarsu, yana tara yara da manya yana koya masu karatu da salla. Akwai kuma Albino, bawa Bahaushe, wanda hukuma ta kirawo ya karanta mata takardun Larabci da aka ciro daga aljihun gawawwaki, domin babu Bature ko ɗaya a wurin da zai iya. Yawancin takardun ayoyi ne da addu'o'in tsari, irin waɗanda malamin zaure ke rubutawa a naɗe a ɗinke cikin fata. Wasunsu suna nan a ma'ajiyar tarihi ta jihar Bahiya, da rubutu irin na allonmu.

A daidai wannan lokaci, a Zariya, Sarki Abdulkarimu ya hau gado a 1834, kuma a zamaninsa ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a, da bakan gizonsa na ƙasa da azara waɗanda masana gine-gine ke zuwa gani daga ƙasashe. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini, amma tsohon yana ciki. Masu salla a ƙarƙashin waɗannan bakuna da masu salla a ɓoye a ɗakin ƙasa na Ladeira da Praça alƙibla ɗaya suke kallo, littattafai ɗaya suka karanta, wataƙila wasunsu ma malami ɗaya ya koyar da su.

Muryar su kansu bayin ta iso mana ta wata hanya mai ban dariya da ban takaici. Francis de Castelnau, ɗan yawon bincike Bafaranshe wanda ya ratsa Kudancin Amurka a shekarun 1840, ya zama ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya. Turawa a lokacin suna ta mutuwa wajen neman sanin yadda garuruwan cikin Afirka suke, sai ya lura cewa ga mutanen da suka taka waɗannan wurare da ƙafarsu suna ɗaukar kaya a ƙofar gidansa. Ya riƙa kiran su yana yi masu tambayoyi, ya buga abin da suka faɗa a Paris a 1851. Abin da ya fi damun sa, har ya sa shi a sunan littafin, shi ne jita-jitar wasu mutane masu wutsiya da ake kira Yam-yam. Tsofaffin suka ba shi labarin da yake so. Amma a tsakanin tatsuniyar wutsiya suka jero masa abin da ya fi ta daraja: sunayensu na gida, garuruwansu, Kano da Katsina da Zazzau da Borno, yaƙin da aka kama kowannensu, da zango-zangon da aka bi da shi, kwana kaza daga wannan gari zuwa wancan, har Ikko. Mutum ya shekara ashirin ko talatin yana amsa sunan Manuel, amma bai manta kwana nawa ne daga garinsu zuwa bakin Kwara ba.

Birazil ta hana shigo da bayi da gaske a 1850, bayan ta karɓi kusan mutum miliyan 5, fiye da kowace ƙasa a nahiyar. Daga nan al'ummar Hausawan Bahiya ta fara ƙarewa, kuma dalilin a fili yake: maza ne kusan zalla. 'Ya'yan da suka haifa da matan wasu ƙabilu sun tashi da harshen Fotugal da addinin gari. Wani limami Balarabe, Abdurrahman al-Bagdadi, wanda jirgin Daular Usmaniyya ya kai shi Birazil a tsakiyar shekarun 1860, ya zauna da Musulmin Rio da Bahiya da Pernambuco, ya rubuta cewa suna ɓoye addininsu don tsoro, kuma 'ya'yansu na sulalewa. Waɗanda suka sami komawa Afirka, musamman bayan korar da ta biyo bayan 1835, yawancinsu a bakin teku suka tsaya. Su ne Aguda na Legas da Porto-Novo da Wida, su ne Tabom na Accra. Hanyar cikin ƙasa ba ta da aminci ga wanda aka taɓa sayarwa, domin kasuwar da ta sayar da shi tana nan tana ci.

Birazil ta soke bauta ranar 13 ga Mayu 1888, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka, kuma ana yawan faɗin haka don a kunyata ta. A Arewacin Nijeriya sanarwar Lugard ta 1901 ta hana kamu da ciniki, ta kuma 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun shekarar, amma ba a soke bautar kanta a doka ba sai 1936. A Salvador, duk da an mayar da turken bulala wurin ɗaukar hoto, sunan yana nan, akwai gidan tarihin Afirka a tsohuwar makarantar likitanci, ana koyar da tawayen 1835 a makarantu, ƙungiyoyin bikin kanibal suna ɗauke da sunan malê. A birnin Zariya baƙo zai yi mako yana yawo, a nuna masa fada da masallaci da ƙofofi, a kai shi Kufena, ba tare da ya ga allo guda da ke cewa ta nan ake fita da mutane ba. Sunayen rinji sun zama sunayen ƙauyuka kawai. Maganar asali kuwa ba ta mutu ba, tana fitowa a ɗaki in an zo binciken aure.

A waccan tsohuwar makarantar likitanci ne Nina Rodrigues ya koyar. Likita ne mai ra'ayin fifikon launin fata irin na zamaninsa, amma ya yi abin da wasu ba su yi ba: ya bi tsofaffin 'yan Afirka da suka rage a Salvador a ƙarshen ƙarni na 19, ya zauna da limaminsu, ya rubuta jerin kalmomi daga bakinsu, har da na Hausa da Barbarci da Nufanci. A littafinsa kan 'yan Afirka a Birazil, wanda aka buga a 1932, ya ba da labarin wata rana a 1897 da ya ga ayarin tsofaffin Yarbawa da Hausawa, sun tanƙware, suna ratsa gari zuwa tasha don su hau jirgin da zai kai su Afirka su mutu a can. Jiragen wannan hanya Legas suke tsayawa. Daga Legas zuwa Ƙofar Kuyambana a wancan lokaci tafiyar watanni ce a ƙasa, layin dogo bai iso Zariya ba sai bayan shekara goma sha, kuma a shekarar da suka tashi Sarki Kwasau ya hau gadon Zazzau, mahara na Kwantagora suna kama mutane har kusa da ganuwa.